Makarantar gwamnati ce, amma wa ya san hanyar ƙofarta?

Wata Asabar da hantsi maƙwabciyarmu a Amurka ta shigo gidanmu ko kayan aiki ba ta cire ba. 'Yar Damagaram ce, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ta fita ƙarfe goma na dare ta dawo bakwai na safe. Ɗanta na fari yana aji biyar, yaro ne da ba ya iya zama wuri guda, amma ka ba shi fanka da ta mutu ko tsohuwar waya, kafin la'asar ya kwance ta ya mayar. Malamansa sun gaji da aiko takardar ƙorafi. A wurin wani suna ne ta ji mata suna hirar wata makarantar gwamnati, kyauta, wadda ake sakar wa yara irinsa mara su bi abin da zuciyarsu ke so. Muka buɗe kwamfuta muka shiga shafin hukumar makarantun gundumarmu. An rufe karɓar takardun nema mako uku da suka wuce.

Ta yi shiru tana kallon allon, sannan ta ce, "Malam, ai cewa suka yi ta gwamnati ce. Ta gwamnatin ma sai an nema?"

Tun ranar tambayar nan take yi mini yawo a kai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ina goyon bayan irin waɗannan makarantu ɗari bisa ɗari. Amma na yi imani cewa makarantar da aka gina da kuɗin harajin kowa, idan ƙofarta ba ta buɗuwa sai ga wanda iyayensa suka san gari, to sunanta kawai ne na gwamnati.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san tsarin Amurka ba. A can adireshin gidanka ne ke zaɓa wa ɗanka makaranta. Kowace unguwa da makarantarta, kuma kaso mai tsoka na kuɗin gudanar da makarantu daga harajin gidaje yake fitowa. Unguwar da gidajenta ke da tsada, makarantarta ta fi samun gata. Shi ya sa za ka ga magidanci ya ƙuntata wa kansa ya kama haya mai tsada a wata unguwa, ba don komai ba sai don makarantar da ke wurin. A gefen wannan tsari kuma akwai wasu makarantun gwamnati da ba ruwansu da iyakar unguwa. Wasu ana kiransu makarantun maganaɗisu, saboda an gina su ne don su jawo yara daga ko'ina cikin gari, kowace da fannin da ta ƙware a kai, kimiyya ko zane ko kiɗa ko harsuna. Wasu kuma ana ce musu makarantun zaɓi, abin da ya bambanta su shi ne salon koyarwa da yadda ake zama da ɗalibi.

Mutane da yawa sun ɗauka an ƙirƙiri makarantun maganaɗisu ne don a ware haziƙai. Asalin ba haka ba ne. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba yara baƙaƙe da farare a makarantun gwamnati. Hukuncin ya fito, amma unguwanni na nan a rabe, saboda haka makarantu ma suka ci gaba da zama a rabe. Da kotuna suka fara tilasta jigilar yara a motocin bas daga wannan unguwa zuwa waccan, abin da Kotun Ƙoli ta amince da shi a 1971, sai rigima ta ɓarke. A Boston a 1974 har jifan motocin da ke ɗauke da yara baƙaƙe aka yi. Fararen iyaye da dama suka kwashe 'ya'yansu suka koma garuruwan bayan gari. Sai wasu suka ce, tun da tilas ta ƙi ci, me zai hana a gwada kwaɗaitarwa? A gina makaranta mai kyan da iyaye da kansu za su riƙa rububinta, a kafa ta a unguwar talakawa, yara su cuɗanya ba tare da an tursasa kowa ba. Makarantar firamare ta McCarver da ke birnin Tacoma a jihar Washinton, wadda ta fara wannan tsari a 1968, ita ake yawan ambata a matsayin ta farko. Don haɗa kan yara aka yi maganaɗisun, kuma duk muhawarar da za a yi a yau ya kamata ta faro daga nan.

Misalin da na fi sha'awa yana gundumar Arlington a jihar Birjiniya, tsallaken kogin Potomac daga birnin Washinton. Sunanta H-B Woodlawn. Wani malami mai suna Ray Anderson ne ya jagoranci kafa ɓangaren manyan ɗalibai a 1971, aka buɗe na ƙanana a 1972 a ginin Hoffman-Boston, wanda a zamanin wariya makarantar baƙaƙe ce. A 1978 aka haɗe su wuri guda. Tana ɗaukar yara daga aji shida zuwa aji goma sha biyu, kuma gaba ɗayansu 'yan ɗaruruwa ne, alhali manyan sakandaren gundumar kowace tana da ɗalibai fiye da dubu biyu. Takenta da harshen Latin yake, ma'anarsa mai hankali kalma ɗaya ta ishe shi. Mu da Hausa sai mu ce hannunka mai sanda.

Abin da ake yi a cikinta zai ba Bahaushe mamaki. Ɗalibai suna kiran malamansu da sunan yanka, har shugaban makaranta. Manyan ɗalibai suna da sa'o'in da ba su da darasi, su ne za su tsara yadda za su yi da su, har suna iya fita waje su dawo. Kowane ɗalibi yana da malami guda da ke tsaye a kansa kamar uban ɗaki, shi ke sanin halin da yake ciki, shi ke ba shi shawara kan darussan da zai ɗauka. Sannan akwai taron gari da ake yi a kai a kai, inda ake yanke shawarar al'amuran makaranta, kuma ƙuri'ar yaro ɗan shekara goma sha ɗaya daidai take da ta malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa. Ka yi tunanin yarinya 'yar aji shida ta ɗaga hannu, a ba ta dama, ta miƙe a gaban manya ta ce ba ta yarda da wata doka ba ga dalilinta, a saurare ta har ta gama, sannan a ƙirga hannuwa.

Ba zan ɓoye ba, kiran malami da sunansa bai kwanta mini ba, kuma ba na jin zai taɓa kwanta mini. Na tashi a inda ko sunan yayanka ba ka kamawa gatsal, balle wanda ya koya maka karatu. Amma da na natsu na duba, sai na ga sunan ba shi ne ƙashin bayan tsarin ba. Ƙashin bayansa shi ne amana. An ɗauki yaro a matsayin wanda za a iya damƙa wa lokacinsa, aka kuma bar shi ya ɗanɗana sakamakon abin da ya yi da shi tun yana gaban iyaye da malamai, kafin ya shiga duniyar da babu mai ja masa kunne. Mu ma muna da irin wannan a gargajiyance. Yaron da aka ba kiwon awaki yana ɗan shekara tara, ko yarinyar da aka bar wa ƙannenta da tukunya a kan wuta, amana aka ba su, kuma amanar ce ke girmar da su. Akwai yara, irin ɗan maƙwabciyarmu, waɗanda aji mai layi-layi da ƙararrawa ke shaƙe su. A babbar makaranta sunansu masu taurin kai. A ƙaramar makarantar da wani babba ya san su ciki da waje, sai ka ga sun zama wasu mutane daban. Duk wanda ya ce gwamnati ba ta da hurumin buɗe irin wannan wuri, sai dai kowa ya sha magani iri ɗaya, bai zauna da yara ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Masu nema sun ninka guraben da ake da su, to wa za a ɗauka? H-B Woodlawn ba ta yin jarrabawar shiga. Ƙuri'a ake jefawa, kuma an rarraba guraben aji shida a tsakanin makarantun firamaren gundumar, don kada unguwa ɗaya ta kwashe duka. Ban ga tsarin da ya fi wannan kusa da adalci ba. Na ji wasu 'yan uwanmu suna cewa ai wannan caca ce, yaya za a rataya makomar yaro a kan sa'a? Ba caca ba ce. A caca kana zuba kuɗinka ne don ka cinye na wani. Ƙuri'a kuwa hanya ce ta raba abin da bai isa ba tsakanin mutanen da haƙƙinsu ɗaya ne, kuma tana da asali a wurinmu. Alƙur'ani ya ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryam, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Idan yara ɗari biyar duk iyayensu suna biyan haraji, gurbi kuwa na mutum tamanin ne, wane ma'auni ne ya fi ƙuri'a tsarkaka daga son rai?

Sai dai ko da ƙuri'ar, an daɗe ana ƙorafi a Arlington cewa ɗaliban wannan makaranta sun fi matsakaicin gundumar yawan farare da 'ya'yan masu hali. Gundumar kanta a rabe take, arewacinta na masu kuɗi, kudancinta, musamman wajen titin Columbia Pike, cike da baƙi 'yan Habasha da Salbado da Bolibiya da sauransu. Ƙuri'a ba ta iya fito da sunan da ba a jefa cikin ƙwarya ba. Wanda ya san akwai makarantar, ya san watan da ake nema, yana jin Turanci sosai, yana da sukunin zuwa taron bayani da yamma, shi ne zai nema. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A 2019 makarantar ta koma sabon gini a unguwar Rosslyn, wanda kamfanin mai zanen gine-gine ɗan Denmak Bjarke Ingels ya tsara, hawa biyar da aka jera kamar an buɗe mahuci, kowane hawa da lambu a kan rufinsa, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 100. Ginin na ɗauke da wani shiri na yara masu buƙata ta musamman ma, wannan gaskiya ne. Amma uban da ɗansa ke karatu a ajin wucin gadi a bayan makarantar da ta cika ta batse yana da damar ya tambaya, kuɗin nan na waye, kuma ɗan wa ke cin moriyarsu?

Tsohon ginin da makarantar ta bari ma yana da labari. Shi ne Stratford, inda ranar 2 ga Fabrairun 1959 yara baƙaƙe huɗu 'yan aji bakwai, Ronald Deskins da Michael Jones da Lance Newman da Gloria Thompson, suka shiga aji da farare, 'yan sanda na gadin harabar, karo na farko a makarantar gwamnati a jihar Birjiniya. A wannan shekarar ce gundumar Prince Edward a jihar ta gwammace ta rufe makarantunta baki ɗaya da ta haɗa yara, kuma suka zauna a rufe har 1964. Yanzu ginin na ɗauke da sunan Dorothy Hamm, ɗaya daga cikin iyayen da suka yi fafutukar. A ƙasar da aka sha wannan gwagwarmaya kan wanda zai shiga ta wace ƙofa, maganar ƙofa ba ƙaramar magana ba ce.

Tafiyar 'yan mintuna daga Arlington, a gundumar Fairfax, akwai ɗaya nau'in, wato na maganaɗisu. Makarantar kimiyya da fasaha ta Thomas Jefferson, wadda ta fara aiki a wannan tsari a 1985, ta sha zuwa ta ɗaya a jerin sakandaren Amurka. Ita har zuwa 2020 da jarrabawa ake shigarta, har da kuɗin nema dala 100. Jarrabawa a ido kamar ita ce adalci tsantsa, kowa ya zauna, wanda ya ci ya ci. Amma da shekaru suka tafi sai wata kasuwa ta tsiro a gefenta, cibiyoyin horo na kuɗi, inda iyaye ke kashe dubban daloli suna shirya yaro tun yana firamare. Sakamakon ya fito fili a ɗaukar 2020: kusan kashi 73 cikin 100 'yan asalin Asiya ne, baƙaƙe ba su kai goma ba a cikin kusan mutum 480, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuwa ko kashi ɗaya ba su cika ba. A ƙarshen shekarar hukumar makarantun gundumar ta soke jarrabawar da kuɗin nema, ta ƙara gurabe zuwa 550, ta kuma ware wa kowace ƙaramar sakandaren gwamnati gurabe daidai da kashi 1.5 na ɗaliban ajinta na takwas, ana duba makin yaro da rubutunsa da halin da ya taso a ciki. A ɗauka ta gaba 'yan asalin Asiya suka koma kashi 54, baƙaƙe suka kai wajen kashi 7, masu asalin Latin Amurka kashi 11, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Wata ƙungiyar iyaye, akasarinsu 'yan asalin Asiya, ta kai ƙara. Alƙalin farko, Claude Hilton, ya ba su gaskiya a 2022. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa a 2023, kuma a Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren shari'ar, ko da yake alƙalai biyu, Samuel Alito da Clarence Thomas, sun nuna rashin amincewarsu. Ba na cikin masu zagin waɗannan iyaye. Baƙi ne kamarmu, da yawansu sun zo ƙasar da akwati ɗaya, suka ga ilimi ne kaɗai tsanin da ba a hana su hawa ba, suka zuba duk abin da suka mallaka a kai. Mutum ya bi doka ya wahala, sai da ya kusa isa aka canja dokar, dole ya ji zafi. Kuma a cikin maganganun da wasu jami'ai suka yi lokacin akwai waɗanda ba su dace ba. Duk da haka ina ganin hukumar ta yi daidai. Sabon tsarin ba ya tambayar launin fatar yaro, makarantar da ya fito yake dubawa, kuma cikin waɗanda suka amfana har da 'ya'yan talakawan Asiya da a da ba sa samun shiga. Yaron da ya fi kowa lissafi a makarantar da ba ta taɓa tura ko mutum ɗaya can ba, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Horon da ake saye da kuɗi ya rasa.

Ni kaina jarrabawa ce ta fitar da ni daga ƙauye zuwa makarantar kwana ta gwamnati, saboda haka ba zan raina ta ba. Amma na san dalilin da ya sa ta yi mana aiki a lokacin: babu wanda aka yi wa horo na musamman, duk da fitilar ƙwai muka yi karatu. Ranar da masu hali suka gano hanyar sayen shiri, daga ranar jarrabawa ta daina auna yaro ita kaɗai, ta koma auna yaro haɗe da aljihun ubansa. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Kwalejojin gwamnatin tarayya da ake kira makarantun haɗin kai, waɗanda aka fara a 1966 da Sakkwato da Warri da Okposi, aka faɗaɗa su bayan yaƙin basasa, manufarsu ɗaya da ta maganaɗisun Amurka, a haɗa yaran da ba za su taɓa haɗuwa ba. Kuma duk shekara sai an yi cacar baki kan bambancin makin shiga tsakanin jihohi. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta kafa a 1977 sun fitar da likitoci da injiniyoyi daga gidajen da ba a taɓa yin ɗan boko ba. Tambayar da ake yi a Fairfax ita ce dai wadda ya kamata a riƙa yi game da su a yau: ɗan wa ke shiga yanzu?

Akwai masu cewa a rufe makarantun zaɓi gaba ɗaya, domin suna kwashe yara masu himma da iyaye masu baki su bar makarantun unguwa da ƙwarangwal. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Iyayen da za su tsaya wa hukuma a wuya a gyara rufin da ke yoyo, su ne na farkon ficewa idan aka buɗe musu wata ƙofa. Kuma gini mai kyau shi kaɗai ba ya warkar da komai. A birnin Kansas na jihar Missouri, daga 1985, wani alƙalin tarayya, Russell Clark, ya sa an kashe kimanin dala biliyan 2 wajen mayar da makarantun birnin na maganaɗisu, har da wurin ninƙaya irin na gasar Olamfik da ɗakin kallon taurari, da fatan jawo yaran farare daga bayan gari. Kaɗan ne suka zo, karatu bai ɗaga yadda aka zata ba, Kotun Ƙoli ta taka wa shirin burki a 1995, a 2000 kuma gundumar ta rasa shaidar ingancinta daga jiha. An yi tuya an manta da albasa, aka gina bango aka bar maganar malamai da abin da ke faruwa a cikin aji.

Amma rufewa ba za ta mayar da masu hali makarantar unguwa ba. Mai kuɗi yana da zaɓi tun fil azal, ko ya sayi gida a unguwa mai kyakkyawar makaranta ko ya biya ta kuɗi. Idan aka rufe makarantar zaɓi ta gwamnati, wanda aka toshe wa hanya shi ne wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da nake tsoro ya fi wannan ma shi ne ɗaya fuskar kalmar. A gundumomi da yawa na Amurka, idan aka ce an tura yaro makarantar zaɓi, wato wadda ta bambanta da sauran, ana nufin wurin da ake jibge waɗanda aka kora ko suka gaza. Suna iri ɗaya, gari ɗaya, wata ana rububinta da ƙuri'a, wata ana tura yaro cikinta ba da son ransa ba. Sau tari yaran biyu matsalarsu guda ce, aji na yau da kullum bai karɓe su ba. Ɗaya iyayensa sun san hanya tun yana aji biyar, ɗayan sai da ya yi laifi a aji tara aka tuna da shi. Ɗan maƙwabciyarmu yana iya faɗawa ko wanne daga cikin biyun, kuma wannan ne ke hana ni barci a kan batun.

Abin da nake so a yi ba shi da wuyar fahimta. A daina jiran iyaye su nema. Duk yaron da ya kai ajin da ake ɗauka, hukuma ta jefa sunansa cikin ƙuri'ar da kanta, tun da sunayen duk suna hannunta. Wanda ƙuri'a ta faɗa kansa a kira iyayensa a waya, da harshen da suke ji, a gayyace su su zo su ga makarantar da idonsu a lokacin da ya dace da aikinsu, sannan su ce suna so ko ba sa so. Za a ce ai irin wannan makaranta ba ta tafiya sai da yaron da ya zaɓe ta da kansa. Na yarda, kuma ban ce a tilasta wa kowa ba. Zaɓin yana nan, sai dai ya zo bayan an sanar da mutum, ba kafin ya ji labari ba. A kuma tabbatar da motar makaranta tana zuwa har unguwar da ta fi nisa, domin gurbin da uwa ba ta da motar kai ɗanta ba gurbi ba ne. Inda kuwa fannin ke buƙatar shiri na gaske, kamar lissafi mai zurfi, a bi hanyar Fairfax, a ba kowace makaranta kasonta, a kuma fara shirya yara tun daga firamare a unguwannin da ba su da cibiyoyin horo.

Sannan abin da aka gwada shekara hamsin aka ga yana aiki, me ya hana a kai shi sauran makarantu? Malami guda da ke tsaye a kan ƙaramin rukunin ɗalibai shekara da shekaru ba ya buƙatar ginin dala miliyan 100. Taron da za a saurari ɗalibai a ƙirga ƙuri'arsu ba ya cin ko sisi. Idan makarantar zaɓi ta zama gonar gwaji, to irin da ya yi kyau a cikinta a raba wa manoman gari. Idan kuwa aka killace shi shekara da shekaru don 'yan ɗaruruwa, iyayen da ke waje suna da gaskiya su yi gunaguni.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke wuyanmu mu da muke zaune a can. Mun iya haɗa kuɗin kai gawa gida, mun iya taron suna da walimar Sallah, amma ban taɓa jin an tashi bayan sallar Juma'a an ce jama'a, watan gobe ake rufe neman makarantun zaɓi, duk mai ɗa a aji biyar ko takwas ya tsaya a cike masa takarda ba. Bana na roƙi limaminmu ya ba ni minti biyu, ya ba ni. Mutum shida suka tsaya, muka zauna a kan darduma da waya a hannu muka cike. Maƙwabciyarmu ba ta samu zuwa ba, tana barcin gajiyar dare, sai da yamma matata ta je ta karɓo takardun ƙaramar 'yarta da ta shiga aji biyar bana, muka tura tun saura wata guda a rufe. Shi kuwa yayan yana makarantar unguwa, sai ya kai aji takwas za a sake buɗe masa nema, kuma guraben lokacin ba su kai na farko yawa ba. Na rubuta watan a jikin kalandar da ke rataye a kicin ɗinsu, na kuma rubuta a tawa.